Ɗorawar Kakata a Gonakin Mutane

Duk wanda ya zo mana gaisuwa ya ce kakata mai son itatuwa ce, bai san ta ba. Na yi shiru ina saurare saboda zaman makoki ba wurin gardama ba ne, kuma innata ta harare ni tun ranar farko da ta ga bakina yana motsi. Yanzu an yi sadakar arba'in, an naɗe tabarmi, an raba abin da ta bari. Zan faɗi abin da na sani, kafin a maida ita wata mata da ban taɓa gani ba.

Malaminmu na sakandare ne ya fara. Ya tsaya a zaure, muryarsa har cikin gida, yana cewa Kankara ta yi rashin uwar muhalli, baiwar Allah mai taushin zuciya wadda ba ta iya ganin an ɗora gatari a kan icce. Maza suka yi ta cewa haka ne, haka ne. A cikin gida wata maƙwabciyarmu ta sunkuya tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ai dama tsohuwar tana da mutanenta a cikin itatuwan nan, shi ya sa ba ta bari a taɓa su. Iskoki take nufi. Kawuna babba kuwa, ɗanta na fari, duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya amsa, sannan ya ƙara da cewa, "Allah ya jiƙan Hajiya, amma ta zuba kuɗi a daji."

Akwai wasu mata da suka zo rana ta biyu daga Mabai da Pauwa, biyu kuma tun daga Daudawa. Ba danginmu ba ne, yawancin mutanen gidan ma ba su san su ba. Suka zauna can bakin rijiya, ba su yabe ta da komai ba, suka yi kukansu. Da za su tafi, wata doguwa a cikinsu ta tsaya a ƙofar ɗakin innata ta ce, "To yanzu wa za mu kawo wa?" Ɗorawa take nufi, kuma tambayarta ita ce duk maganar.

Kakata 'yar daddawa ce. A unguwarmu ba wanda ya ƙone icce kamar ta. Kalwa, wato ƙwayar da ke cikin ɗorawa, sai ta wuni a kan wuta kafin ta yi laushi, a surfe ta, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta da ganye da buhu kwana uku ta ruɓa. Shekara hamsin tana wannan. Da shi ta aurar da innata, da shi ta je Makka. Wanda ya ce ba ta iya ganin gatari, ya zo in nuna masa nata, yana nan bayan ɗakin girki, ƙotar ta yi santsi don riƙo.

Yadda ta fara sayen itatuwa, daga bakinta na ji, sau da yawa har na gaji. Kalwa ce ta riƙa tsada a kasuwa, kowace shekara mudu sai ya ƙara. Sauran masu daddawa suka yi ta ƙorafi, wasu suka koma ta waken suya. Ita sai ta tambayi matan ƙauye dalili. Suka ce mazansu ne ke sayar wa masu gawayi itatuwan. Kuɗi ne a dunƙule lokacin da ake neman taki, ga masara ba ta son inuwa, ga tarakta ba ta son kewaye-kewaye. Sai ta ɗauki kuɗi ta kai wa wani manomi a Mabai ta ce ta sayi 'ya'yan baɗi tun kafin iccen ya yi fure, don kada ya sare. Kakana yana da rai lokacin, ya kai zancen majalisa, liman ya ji ya ce wannan ciniki bai halatta ba, ba a sayar da abin da bai fito ba. Ta yafa mayafi ta tafi gidan liman, ta zauna wurin matarsa, ta yi magana da shi ta bayan ƙofa.

"Allah gafarta Malam, 'ya'yan da ba su fito ba, su ne ba su sayuwa?"

"Su ne."

"Uwar fa? Ai ita ta fito, kowa na ganinta."

"In kin sayi iccen, naki ne da abin da ya haifa."

"Ko shina tsaye cikin gonar wani?"

"In mai gona ya yarda, aka kafa shaidu, ba laifi."

Tana kaiwa nan sai ta yi dariya ta ce, "Malam ya aza ya rufe mini ƙofa." Tun daga nan ta riƙa sayen ɗorawa a tsaye. Ƙasa ta mai gona, icce nata. Ba takarda. Mai unguwa, dattijo ɗaya ko biyu, da goro.

Na ga cinikin da idona sau ɗaya, a Pauwa, ina shekara sha shida. An aiko mata cewa mai gawayi ya iso wata gona da injinsa na yankan icce, sai ta ce in taso mu tafi, ƙafarta na ciwo tana son kafaɗar dafawa. Na tafi ina ƙunƙuni. Mun tarar har ya zuba mai a injin. Iccen ƙato ne, mutum biyu ba su rungume shi. Mai gawayin ya ba da kuɗin akuya biyu, mai gona ya amsa.

Kaka ta zauna a kan tushen iccen, daidai inda za a sa injin, ta gaisa da kowa a natse, har ta tambayi mai gawayi ya iyali. Sannan ta ce wa mai gona, "Abin da ya ba ka na ba ka, kuma icce na tsaye."

"Hajiya, inuwar fa? Duk nan ƙasa masara ba ta yi. Tarakta ma sai ta kewaye."

Na ɗauka za ta ce masa ai inuwa rahama ce. Ba ta ce ba. Ta dubi ƙasan, ta ce, "Gaskiyarka, asara ce. Duk kwando uku da aka sauke, ɗaya na mai ɗakinka ne. Ita za ta yi mini gadi, ita za ta aiko in ta nuna. Kira ta a faɗa a gabanta."

Mai gawayi ya ga ciniki na kuɓuce masa, ya ce, "Haba Hajiya, ke da kin kusa barin duniyar, mi za ki yi da icce?"

Ta ce, "Ni in na tahi na bar icce. Kai mi za ka bari, baƙin tafin hannu?"

Har shi sai da ya yi dariya. Ya ɗora injinsa a kan babur ya tafi. A mota na tambaye ta me ya sa matar, ba mijin ba, alhali gonar tasa ce. Ta ce, "Shi ya ci kuɗinsa yau, jibi ya manta. In mai injin nan ya dawo baɗi, ina Kankara. Ita tana nan, kuma ita ke ba shi tuwo."

Tana da tambaya guda da take yi wa kowane icce. In muna tafiya ta ga kuka ko tsamiya ko kaɗanya, sai ta nuna da haɓa ta ce, "Wa ke cin wannan?" In aka ce gidan wane, sai ta gyaɗa kai. In aka ce ba kowa, sai ta ce, "To a yi masa ban kwana." Abin yana ba ni haushi ƙwarai, musamman da yake yawanci haka ɗin ke faruwa.

A kan wannan tambayar muka yi faɗanmu mafi muni. Ina aji biyar aka yi bikin dashen itatuwa a makarantarmu. Baƙi suka zo da huluna iri ɗaya, da dashen iccen turare da darbejiya a cikin baƙar leda. Ni aka zaɓa na karanta jawabi da Turanci, aka tafa mini. Na dawo gida kaina ya kumbura, na same ta tana surfen kalwa, na ba ta labari. Ban gama ba ta ce, "Wa ke ci?"

"Kaka, ba na ci ba ne. Iska suke gyarawa, suna hana hamada."

"Madalla. Wa zai ba su ruwa da rani?"

"Kowa mana."

"Kowa ɗin nan ɗan gidan wa ne? Yana da bokiti?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata ita ba ta san komai ba sai kuɗi, ranar da ɗorawarta ta daina haihuwa da kanta za ta kira mai gawayi. Ta ce, "Ƙwarai kuwa. Na ma taɓa yi, har biyu." Ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai na faɗi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ce duk gidanmu warin daddawa yake, ƙawayena suna toshe hanci in na zauna kusa da su. Ta ajiye taɓarya, ta dubi ƙafata ta ce, "Warin ne ya sayi takalmin da kike tsaye a ciki. In ya dame ki cire shi." Na cire na jefar, na shige ɗaki. Mako biyu ba mu yi magana ba, gaisuwa kawai, ita ma da ƙyar. Ita ta karya shirun, ta aiko mini da ƙwallon garin ɗorawa a leda, ba saƙon komai.

Da aka dawo hutu, awaki sun cinye dashenmu. Uku suka rayu, waɗanda ke gefen ɗakin mai gadi, don yana son inuwar da zai riƙa zama. Ban taɓa gaya mata ba. Ban so ganin fuskar da za ta yi.

Amma ban janye duk abin da na ce ba, ko yanzu. Hanyarta tana tsare iccen da ke da kasuwa ne kawai. Na taɓa tambayarta, to dajin da ba na kowa ba fa, da itatuwan da ba a cin 'ya'yansu, waɗanda tsuntsu ne kaɗai ya san amfaninsu? Bayan garinmu da ta ce tana yarinya ba a hango ƙarshensa, yanzu fili ne fetal, ruwan sama in ya zo sai ya kwashe ƙasa ya bar zaizaya. Ta ce, "Ni ba hukuma ba ce. Abin da zan iya saye shi nake tsarewa." Ban gamsu ba. Ta san ban gamsu ba, ba ta kuma damu ba.

Akwai rana guda da ke hana ni yanke mata hukunci gaba ɗaya. Wani manomi a Daudawa ya sare iccenta a ɓoye ya sayar, kuma shi ne mafi haihuwa a duk nata. Labari ya iso, kawuna ƙarami ya ce a kai ƙara, akwai shaidu. Ta ce sai ta gani. Muka tafi tare. Mutumin ya fito, ya ce matarsa ce haihuwa ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki a asibiti, ba abin da ya rage masa na sayarwa.

Kaka ta ce, "Ta tashi?"

"Ta tashi, Hajiya."

"Abin da aka samu fa?"

"Mace ce, tana nan."

Ta shiga ta ga mai jego, ta ɗauki jaririyar, ta yi barka kamar abin da ya kawo ta ke nan. Sannan ta ce a kai ta gonar. Kututture ne kawai ya rage, faɗinsa kamar faifai uku. Ta sa tafin hannunta a kan saran ta ce, a hankali, "Wannan ta girme ni." Sai ta juya ta nuna wa mutumin toho biyu da suka fara fitowa daga gefe. Ta ce ya kewaye su da ƙaya, in akuya ta ci to a nan ne za su haɗu gaban mai unguwa. In sun girma ba nata ba ne, ba nasa ba ne, na yarinyar ne, kuma a kira shaidu yanzu a faɗa.

A hanya na ga tana share ido da gefen mayafi. Na ce, "Kaka, kuka kike?" Ta ce hayaƙin gawayinsu ne. Babu wani hayaƙi, sun kwashe kayansu tun mako guda. Saboda haka mai yiwuwa malaminmu bai yi ƙarya duka ba. Abin da na tabbata shi ne, in ma tana son su, ba ta taɓa yarda so zai tsare icce ba. Sai ta ɗaura shi da tukunyar miyar wani take samun natsuwa.

Shekarun ƙarshe sun yi mata wuya. Hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga, wasu ƙauyukan aka watse, akwai gonakin da ko masu su ba sa zuwa. Ƙafa kuma ta ƙi. Sai matan suka riƙa saukewa da kansu suna kawo mata har gida. Kawuna ƙarami ya lura kayan sun ragu, ya bincika, ya zo ya ce mata an juya rabon, yanzu su ke ɗaukar biyu su kawo mata ɗaya.

Ta ce, "Icce na tsaye?"

"Yana tsaye, amma Hajiya cutarki ake."

"Su suka hau, su suka biyo hanyar da kai ko a mota ba ka bi. Bar su. Kada ka kuskura ka nuna masu na sani."

Ba zan rufe laifinta ba don ta rasu. Ba ta gaya wa kowa yawan itatuwanta ba, ko inda suke duka. Ɗanta na fari, da ba ta kiran sunansa sai dai ta ce "wancan mutumin", ya tambaye ta ya fi sau goma. Ta ce in suka san yawansu za su fara duba fuskarta da safe su ga ko ta rame. Ta yi dariya, mu ma muka yi. Yanzu rabin shaidun sun mutu, wasu sun yi hijira, kuma na tabbata akwai itatuwan da suka tafi tare da ita. Mace mai wannan wayon, ta kasa yarda da 'ya'yan cikinta. Wannan yana ci mini rai, kuma da tana nan da na faɗa mata.

Zazzaɓin kwana huɗu ta yi. Ranar Alhamis da hantsi ta kira innata ta ce akwai kalwa a rufe a ɗakin baya, kada a buɗe sai ta cika kwana uku, kada kuma a bari ta wuce. Ta yi salati, kafin azahar ta cika. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kwana ukun ya faɗo daidai ranar sadakar uku. Innata ta tashi daga cikin masu gaisuwa ta je ta buɗe. Warin ya cika gidan har zaure, tsofaffin mata suka fashe da sabon kuka, ni kuma na tsaya a tsakar gida na shaƙe shi da gangan.

Kwana biyu bayan arba'in aka zauna rabon gado. Magada uku ne, kawunnaina biyu da innata, ita tana da kashi ɗaya cikin biyar. Akwai gidan, da shanu biyu a hannun wani Bafulatani, tumaki, 'yan kunnen zinari, sai itatuwa goma sha tara da kawuna babba ya iya ganowa da tambaye-tambaye. Innata ta riga ta gama shirinta. Kasonta zai kai kuɗin sa guda, za ta sayi injin markaɗe ta sa a ƙofar gida, ragowar ta canza kwanon ɗakinta da ke yoyo. Babana tela ne, idonsa ya fara rauni. Injin nan ba kwaɗayi ba ne, abinci ne.

Ni ba magajiya ba ce. Ruwa na kai zaure, sai na tarar da mai gawayi zaune kusa da malamin da ke rabon. Kawuna babba ne ya kira shi ya yi wa itatuwan kuɗi, a sayar a raba. Mutumin ya yi ta kawo dalilai, wuraren da nisa, hanya ba lafiya, sai an sallami masu gonaki. Ya faɗi abin da zai bayar a kan duka goma sha taran, bai kai kuɗin sa guda ba. Malam ya tambayi kawu ko ya yarda da wannan kima.

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, ko haka aka samu an gode. Asara ce. Wa zai shiga dajin nan saboda kalwa? Ni dai ba zan tura ɗana ba."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba mugu ba ne. Amma ina tsaye da tire a hannu na ga injin mai gawayi yana bin gonaki ɗaya bayan ɗaya kafin bazara. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Malam, in haka ne kimarsu, ai kason Inna ya isa ya ɗauke su duka. A ba ta su a tsaye."

Kawu ya ce, "Ke, wa ya sa da ke? Ajiye ruwa ki ba mu wuri."

Malam ya ɗaga hannu ya ce tambayar tana kan hanya, in mai kason ta yarda. Sai kawu ya gyara zama ya ce, "To ai in ana maganar abin da suke haifarwa duk shekara, sun fi haka nesa ba kusa ba."

Malam ya ce, "Alhaji, yanzun nan ka ce asara ce."

Kawuna ƙarami ya kasa riƙe dariya, ya ce, "Yaya, Hajiya ta dawo ta bakin jikarta." Aka ɗage zaman zuwa bayan azahar don a ji ta bakin innata.

Ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. "Ke kin san mi kika yi? Injina kika sayar a gaban mutane."

"Inna, shekara biyu kawai, in suka yi 'ya'ya sosai..."

"In suka yi! Wa zai tahi Pauwa? Ni?"

"Ni zan tafi."

"Ke? Ke da ko ɗakin daddawa ba ki shiga? Kin san nunanniya da ɗanya? In aka tare ki a hanya mi zan ce wa babanki?"

Na ce inda ba lafiya ba zan je ba, matan suna zuwa kasuwa, a can zan riƙa haɗuwa da su. Na ce injin markaɗe akwai uku a layinmu, amma daddawar kalwa ta gaskiya mutane har daga Sabuwa suke aikowa nema. Na ce in aka sare su an gama, ba a sayo icce mai shekara sittin a ko'ina. Ta ɗaga kai ta kalli kwanon da ke yoyo. Ni ma na kalle shi, na ji nauyin abin da nake nema.

Da aka idar da salla ta yafa mayafi ta tsaya a bakin zaure ta ce wa malam ta karɓi itatuwan. Aka ƙara mata tunkiya ɗaya cikon kaso. Mai gawayi ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya ce da ni, "Ki riƙe lambata, za ki neme ni." Da muka koma ciki na buɗe baki zan yi godiya, innata ta ce, "Riƙe godiyarki. Bazara biyu na ba ki. In ban ga injina ba, ni da kaina zan kira mutumin nan, kuma ke za ki raka shi ki nuna masa hanya."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata kurakuranta da wanda na sani da wanda ban sani ba, ya sa duk bakin da ya ci daga itatuwan nan ya zama shaida a gare ta. Ya yafe mini takalmin da na jefar.

Na gaya wa mai shagon da nake yi wa aikin tura wa mutane kuɗi cewa ƙarshen wata zan bar aikin. Ranar Asabar zan bi motar farko zuwa Mabai da goro, in shiga gida-gida in gaya wa matan cewa itatuwan na innata ne yanzu, ba a sayar ba, kuma rabon ya koma rabi da rabi, a fili, kowa ya sani. Kafin nan akwai abin da ya fi wuya. Ban iya daddawa ba, innata ma rabi ta iya. Mace ɗaya ta rage a Kankara da hannunta ya kai na Kaka, wata tsohuwa a bayan kasuwa, kuma shekara ashirin ba su gaisa ba saboda Kaka ta taɓa karya mata farashi. Gobe da safe zan je gidanta in durƙusa, in ce ni jikar wance ce, na zo a koya mini. In ta kore ni, jibi zan koma.